Taron Barselona: ina aka kwana game da zuciyar da ta gaji?

Daga ranar 26 zuwa 29 ga watan Agusta na shekarar 2022, birnin Barselona na ƙasar Espanya ya karɓi baƙuncin babban taron shekara-shekara na Ƙungiyar Likitocin Zuciya ta Turai. Wannan ne karo na farko da likitocin suka sake haɗuwa ido da ido tun ɓarkewar annobar korona, domin tarurrukan 2020 da 2021 ta intanet aka gudanar da su. Dubban likitoci da masu bincike da wakilan kamfanonin magunguna ne suka halarta, aka tattauna batutuwa masu ɗimbin yawa, amma wanda ya dace mu tsaya a kansa a wannan shafi shi ne na gazawar zuciya, musamman idan ta kai matakin da magungunan yau da kullum suka daina amfani. Dalili kuwa shi ne, wasu daga cikin sakamakon da aka bayyana a can sun sake yadda ake jinyar wannan ciwo a duniya, kuma ciwon ba baƙo ba ne a gidajenmu, ko da yake da wasu sunaye muke kiransa.

Abin da ake nufi da gazawar zuciya

Zuciya tsoka ce mai girman dunƙulen hannun mai ita. Tana bugawa kusan sau dubu 100 a kowace rana, tana tura jini kimanin lita 5 a cikin minti guda idan mutum yana zaune a natse. Da likita ya ce zuciya ta gaza, ba wai ta tsaya ba ne. Ƙarfinta ne ya kasa biyan bukatar jiki. Jinin da ya kamata ya wuce sai ya dinga taruwa a baya, ruwa ya tsattsafo cikin huhu, ya kwanta a ƙafafu da ciki. Daga nan sai haki, sai tarin dare, sai mutum ya kasa kwanciya a miƙe har sai an jingina shi da matasai biyu ko uku, sai kumburin da idan an danna shi da yatsa yakan bar rami. An ƙiyasta cewa mutane sama da miliyan 60 ne ke fama da wannan lalura a faɗin duniya.

Likitoci suna auna ƙarfin zuciya da na'urar ekografi, irin wadda ake duba mata masu ciki da ita. Lafiyayyar zuciya takan fitar da fiye da rabin jinin da ke cikin babban ɗakinta na hagu a kowane bugu. Idan abin da take fitarwa ya sauko zuwa kashi 40 cikin 100 ko ƙasa da haka, an ce ƙarfinta ya ragu. A shekarar 2018 kuma sashen ƙungiyar mai kula da wannan ciwo ya fayyace abin da ake kira mataki mai tsanani: majinyacin da ke haki ko da ɗan ƙaramin motsi ko yana zaune, wanda zuciyarsa ta yi rauni ƙwarai, misali tana fitar da kashi 30 ko ƙasa, wanda aka kai asibiti cikin gaggawa fiye da sau ɗaya a cikin shekara, wanda ba ya iya tafiyar mita 300 a cikin minti 6, alhali kuwa yana shan duk maganin da ya dace. Irin wannan mutum, shekaru talatin da suka wuce, abu biyu ne ke gabansa: ko a samo masa zuciyar wani a dasa masa, ko iyalinsa su fara shiri.

Famfon da ke lilo cikin maganaɗisu

Ga masu irin wannan hali, babban labarin Barselona shi ne wanda Farfesa Mandeep Mehra na birnin Boston a Amurka ya kawo. Ya gabatar da sakamakon shekara 5 na wani gwaji mai suna MOMENTUM 3, wanda ya kwatanta famfunan zuciya iri biyu a jikin majinyata 1020.

Ya kamata a fahimci abin da wannan famfo yake. Ba a cire zuciyar mutum. Likitan fiɗa yakan huda ƙarshen ɗakin hagu na zuciya ya maƙala wata ƴar na'ura mai nauyin kimanin giram 200, wadda ke zuƙo jini daga ɗakin ta tura shi ta wani bututu zuwa babbar jijiyar da ke rarraba jini a jiki. Wato ita zuciyar tana nan tana ɗan abin da za ta iya, famfon kuwa ya ɗauke mata mafi yawan nauyin. Wata igiyar lantarki ce ke fitowa ta fatar ciki, ta haɗu da ƙaramar kwamfuta da batura biyu waɗanda majinyacin ke ratayawa a jikinsa duk inda za shi. Da dare sai ya jona da wutar gida. Wani abin mamaki shi ne, da yake famfon a jere yake tura jini ba bugu-bugu ba, sau da yawa ko an taɓa wuyan hannun mai shi ba a jin motsin jijiya, ga shi kuwa yana tafe yana magana.

Tsohon samfurin, HeartMate II, yana da ƙarfe mai juyawa bisa matokarai, kuma a nan ne jini kan daskare, famfon ya toshe, ko gudan jinin ya tsere zuwa ƙwaƙwalwa ya haddasa shanyewar ɓarin jiki. Sabon kuwa, HeartMate 3, abin da ke juyawa a cikinsa ba ya taɓa komai: ƙarfin maganaɗisu ne ke riƙe da shi yana lilo a tsakiya, yana juyawa sau dubu 5 ko fiye a minti guda, an kuma buɗe hanyoyin da jini ke bi don kada ƙwayoyinsa su farfashe. Bugu da ƙari, kowane daƙiƙa 2 yakan sauya gudu na ɗan lokaci domin ya wanke kansa. Bayan shekara 5, kashi 58 cikin 100 na waɗanda aka sa wa sabon famfon suna raye, na tsohon kuwa kashi 44. Idan kuma aka ƙirga waɗanda suka rayu ba tare da mummunar shanyewar jiki ba, ba kuma tare da an sake buɗe su don canza famfon ba, sai tazarar ta ƙara faɗi: kashi 54 da kashi 30.

Mai karatu zai iya cewa, ai kusan rabinsu sun mutu, to ina abin murna? Amsar tana cikin tarihi. A gwajin REMATCH da aka wallafa a 2001, wanda shi ne ya fara nuna amfanin irin waɗannan na'urori, daga cikin majinyatan da aka bari a kan magani kaɗai kashi 25 ne suka kai shekara guda, kashi 8 kacal suka kai shekara 2. Waɗanda aka sa wa famfon wancan zamani ma, kashi 23 ne suka ga shekara ta biyu. Daga nan zuwa fiye da rabi a shekara ta biyar ba ƙaramar tafiya ba ce.

Sai dai fa rayuwa da famfo tana da nata haraji. Dole mutum ya sha maganin tsinka jini muddin ransa, a kuma dinga auna jinin a kai a kai, domin in maganin ya yi yawa zubar jini ne, in ya yi kaɗan daskarewa ce. Zubar jini a hanji na cikin abubuwan da suka fi mayar da su asibiti. Shi ya sa wani gwaji na 2023 da ya nuna ana iya janye musu asfirin ba tare da ƙarin haɗari ba ya samu karɓuwa sosai. Kafar da igiya ke fitowa kuwa ƙofa ce a buɗe ga ƙwayoyin cuta, sai an wanke an ɗaure ta cikin tsabta. Babu iyo, babu nutsewa cikin ruwa. Baturan biyu, a mafi kyawun hali, awa 17 suke riƙewa. Kuma ba kowane samfuri ne ya yi nasara ba: a watan Yuni na 2021 kamfanin Medtronic ya dakatar da sayar da nasa famfon, HeartWare, saboda yawan shanyewar jiki da kuma yadda wasu suka ƙi tashi bayan sun tsaya.

A nan ne wanda ke karanta wannan labari a Tawa ko Damagaram zai yi murmushin takaici. Na'urar da ran mutum ke rataye da kuran, a ƙasar da ta ga yadda wuta ta yi ƙaranci lokacin da Nijeriya ta katse layinta a watan Agusta na 2023, ba a mayar ba sai a Maris na 2024. A yanayin da zafin bazara ke haura digiri 40, gumi da ƙura suna bin kafar igiya. Kuɗin na'urar kaɗai, ban da fiɗa da kwanciya da bibiya, ya haura miliyan 50 na sefa. Ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi, wato jika 42 a wata tun daga 2024, sai ya tara kusan shekara 100 bai ci bai sha ba.

Dashe, alade da zuciyar roba

Dashen zuciya shi ne har yanzu maganin da ya fi daɗewar amfani. A nahiyarmu aka fara shi: ranar 3 ga Disamba 1967, a asibitin Groote Schuur na birnin Kap a Afirka ta Kudu, Kiristiyan Barnard ya dasa wa Louis Washkansky zuciyar wata matashiya da ta rasu a haɗarin mota. Kwana 18 ya yi. Sai da maganin siklosforin ya bazu a shekarun 1980, mai hana jiki yaƙar baƙuwar gaɓa, aikin ya zauna da gindinsa. Yau rabin waɗanda aka yi wa dashe suna wuce shekara 12. Matsalar ita ce zukatan ba su isa ba. Faransa takan yi kusan dashe 400 a shekara, Amurka ta haura dubu 4 a 2022, kuma a ko'ina akwai masu mutuwa suna jira. Don faɗaɗa hanya, tun 2014 likitocin birnin Sidni a Ostareliya suka fara karɓar zuciyar wanda bugunsa ya riga ya tsaya, su farfaɗo da ita cikin akwati mai zagaya mata jini mai ɗumi, sannan su dasa.

Ga mai tambayar hukuncin addini, Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta amince a zamanta na birnin Amman a 1986 cewa mutuwar ƙwaƙwalwa gaba ɗaya, idan ƙwararrun likitoci sun tabbatar, mutuwa ce. A zaman Jidda na 1988 kuma ta halatta ɗaukar gaɓa daga mamaci bisa izninsa ko na magadansa, da sharaɗin ba sayarwa ba. Akwai malaman da suka saɓa, amma wannan shi ne matsayin majalisar.

Watanni bakwai kafin taron, ranar 7 ga Janairu 2022, likitocin Jami'ar Maryland a Amurka, ƙarƙashin Bartley Griffith da Muhammad Mohiuddin, sun dasa wa David Bennett zuciyar aladen da aka sauya wa ƙwayoyin gado guda 10. Ya rayu wata 2, ya rasu ranar 8 ga Maris, aka kuma gano ɓurɓushin wata ƙwayar cutar aladu a zuciyar. Mutum na biyu da aka yi wa a Satumba 2023 mako 6 ya yi. Jaridu sun cika duniya da labarin, amma gaskiyar magana gwaji ne, bai zama magani ba.

Haka ma zuciyar roba ta kamfanin Carmat, abin alfaharin Faransa, wadda Farfesa Alain Carpentier ya ƙirƙira, aka fara sa wa mutum a birnin Pari cikin Disamba 2013. Ta samu iznin shiga kasuwar Turai a ƙarshen 2020, aka dakatar da ita a 2021 saboda lahani a wasu sassanta, ta dawo, sannan a 2025 kamfanin ya gurfana gaban kotun kasuwanci domin kuɗi sun ƙare masa. Ashe ko a ƙasashen masu hali, wannan fanni yana cin dukiya fiye da yadda yake mayarwa.

Tsohon magani, sabon aiki

A ganina, labarin da ya fi dacewa da mu a Barselona ba shi ne wanda ya fi tara masu ɗaukar hoto ba. Wani likita ɗan ƙasar Beljik, Wilfried Mullens, ya gabatar da gwajin ADVOR. Tambayarsa mai sauƙi ce. Idan aka kawo majinyaci ruwa ya cika masa jiki, abin da aka saba shi ne a yi masa allurar furosemid, wato Lasilix, don ya fitar da ruwan ta fitsari. Amma sau da yawa ƙoda takan bijire, a sallami mutum da sauran kumburi, ya dawo bayan ƴan makonni. To, me zai faru in aka haɗa masa da asetazolamid, wato Diamox, maganin da aka sani tun shekarun 1950, wanda likitocin ido ke ba masu hawan ruwan ido? Hikimar ita ce, kowanne daga cikin biyun yana toshe wata ƙofa daban da ƙoda ke mayar da gishiri cikin jini. A cikin majinyata 519, kashi 42 na waɗanda aka haɗa wa biyun sun rabu da ruwan cikin kwana 3, na Lasilix kaɗai kuwa kashi 30 da ɗoriya, kuma zaman asibitinsu ya ragu da kimanin kwana guda. Gwajin bai nuna raguwar mutuwa ba, kuma ta jijiya aka ba da maganin, a asibiti, ana sa ido kan ƙoda da gishirin jini. Kada wani ya ji wannan ya nufi mai tallar magani a bakin tasha. Amma dai ga dabara mai araha wadda asibitin jaha zai iya ɗauka.

Na biyu shi ne gwajin DELIVER, wanda Scott Solomon ya kawo, a kan dafagiliflozin, wato Forxiga. Asalinsa maganin ciwon suga ne, mai sa ƙoda ta zubar da suga ta fitsari. Tun a taron Pari na 2019 John McMurray na birnin Gilasgo ya nuna yana taimakon masu raunin zuciya ko ba su da ciwon suga. A Barselona sai aka nuna, a cikin mutum dubu 6 da 263, cewa yana amfanar har da waɗanda zuciyarsu ke matsawa yadda ya kamata amma ta sandare ba ta cika da kyau, rukunin da aka daɗe ana rasa abin ba su: haɗarin tsanantar ciwon ko mutuwa ta dalilin zuciya ya ragu da kashi 18 cikin 100.

Da wannan ne ginshiƙan jinyar suka tabbata guda huɗu ga mai raunin zuciya: magani mai sassauta jijiyoyi irin su enalafiril ko Entresto, magani mai rage gudun zuciya irin su bisofurolol, sai sifironolakton wato Aldactone, sai dangin Forxiga. Uku daga cikin huɗun tsofaffi ne, ana samun su a farmasi da farashi mai ɗan sauƙi.

Wata uku bayan Barselona, a taron likitocin zuciya na Amurka da aka yi a Shikago cikin Nuwamba 2022, Farfesa Alexandre Mebazaa na Pari ya cike gurbin da gwajin STRONG-HF, wanda ba sabon magani ya gwada ba, tsari ya gwada. An ɗauki majinyata 1078 a ƙasashe 14, ciki har da Nijeriya da Mozambik da Afirka ta Kudu. Rabi an sallame su kamar yadda aka saba. Sauran rabin an kai magungunansu cikakken awo cikin mako 2, ana ganinsu a mako na 1, na 2, na 3 da na 6, ana auna jininsu. Bayan wata 6, kashi 15 na waɗanda aka bibiya ne suka mutu ko suka koma asibiti, na ɗaya ɓangaren kuwa kashi 23. Bambancin ya fito fili har aka tsayar da gwajin kafin wa'adinsa, ƙungiyar Turai kuma ta shigar da shi cikin ƙa'idojinta a 2023. Babu maganaɗisu a nan, babu batir. Ziyara huɗu ce, da ma'aikacin jinya mai rajista, da ɗakin awon jini mai aiki, da majinyacin da ke da kuɗin mota ya dawo. Wanda ya san asibitocinmu ya san cewa ko wannan ɗin ba ƙaramin abu ba ne.

Zuciyar Turai da zuciyar Sahel

Akwai wani abin lura. Majinyacin da ake magana a kansa a tarurrukan Turai yawanci dattijo ne ɗan shekara 70 ko fiye, wanda kitse ya toshe wa jijiyoyin zuciya. Namu daban ne. Binciken THESUS-HF da aka wallafa a 2012, a kan majinyata 1006 a ƙasashe 9 na Afirka kudu da Sahara, ya samu matsakaicin shekarunsu 52, rabinsu mata. Hawan jini, abin da muke kira tansiyo, shi ne sanadin kusan kashi 45. Lalacewar ƙofofin zuciya sakamakon ciwon maƙogwaro na ƙuruciya da ba a yi wa magani ba ya ɗauki kashi 14. Toshewar jijiyoyi kuwa ba ta kai kashi 8 ba. Kusan mutum 1 cikin 6 ya rasu kafin wata 6. Wato ciwon yana kama mu muna tsakiyar ƙarfinmu, muna da ƴaƴa ƙanana, kuma mafi yawan musabbabansa abubuwa ne da ake iya tarewa da wuri: awon tansiyo da shan maganinsa ba fashi, rage gishiri zuwa ƙasa da giram 5 a rana kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara, a kuma tuna dunƙulen magi ma gishiri ne, sai allurar fenisilin duk mako 3 ko 4 ga yaron da ciwon ya taɓa wa zuciya. Magungunan ciwon jiki irin su diklofenak, waɗanda ake saye kamar gyaɗa a hannun ƴan talla, suna riƙe ruwa da gishiri a jiki, suna iya jefa mai raunin zuciya cikin halin gaggawa.

Amma ciwon da sunan ƙasar Hausa ya shiga littattafan likitanci na duniya ta dalilinsa shi ne gazawar zuciyar masu jego. Mace lafiyayya, ba ta taɓa ciwon zuciya ba, sai a ƙarshen ciki ko cikin watannin farko bayan haihuwa ta fara haki da kumburi. A shekarun 1970 likitoci biyu, Davidson da Parry, sun bi diddigin mata 224 a Zariya, suka lura ciwon ya fi yawa lokacin zafi, suka ɗora alhakin a kan al'adun jego: wankan ruwan zafi safe da yamma, kwanciya kan gadon ƙasa da aka hura wa wuta, da kunun kanwa, wadda gishiri ce mai riƙe ruwa. A Yamai kuma, likita Arnaud Cénac da abokan aikinsa na babban asibitin ƙasa sun wallafa a 1992 cewa matan da ke da ciwon suna da ƙarancin sinadarin seleniyom a jininsu in aka kwatanta da sauran masu shayarwa.

Shekaru arba'in ana maimaita zancen wankan jego kamar karatun allo, har sai da Farfesa Kamilu Ƙaraye na Kano ya jagoranci wani babban bincike a asibitocin Nijeriya, wanda aka wallafa a 2020, a kan mata 406. Mafi yawansu daga arewa maso yamma suke, kuma a wani asibitin yankin an samu mace 1 cikin kowace haihuwa 96, adadin da ke cikin mafi yawa a duniya. Sai dai abubuwan da suka fito a matsayin haɗari su ne rashin karatun boko, rashin sana'a, rama, da hawan jinin ciki. Al'adun jego ba su fito ba. Wannan bai wanke kanwa ba, domin ba mai hankalin da zai ba mai kumburi gishiri, amma ya nuna cewa an daɗe ana tuhumar tukunyar wanka alhali talauci da yunwa suna zaune a tsakar gida. Wani ƙaramin gwaji na su Ƙaraye ya nuna ƙarin seleniyom yana rage alamomin ciwon, abin da ya dawo da hasashen Yamai kan tebur.

Akwai kuma maganin buromokiriftin, wanda Karen Sliwa ta Afirka ta Kudu da Denise Hilfiker-Kleiner ta Jamus suka yi fice wajen bincikensa. Hasashensu shi ne, wani guntun sinadarin da ke kawo ruwan nono ne ke cutar da zuciyar, maganin kuwa yana tsayar da sinadarin. Ƙa'idojin Turai sun ce ana iya gwada shi. Amma tsayar da sinadarin yana nufin ƙafewar nono, kuma abin da ke da sauƙi a Hanoba ba shi da sauƙi a ƙauyen da gwangwanin madarar jarirai ya fi ƙarfin maigida, ruwan haɗa ta kuma daga rijiya ne. Likitan da ke Maraɗi dole ya auna rai biyu a sikeli guda.

Abin ƙarfafa gwiwa shi ne, wannan ciwo na cikin ƴan kaɗan da zuciya ke iya murmurewa sarai idan an fara jinya da wuri, akasari cikin wata 6 na farko. Wadda zuciyarta ba ta koma daidai ba kuwa, sabon ciki na iya zama ajalinta, kuma wannan magana ce da ya kamata likita ya faɗa a gaban mijin, ba ita kaɗai ba. Mai jegon da ke haki idan ta ɗauki jaririnta, ko ta kasa kwanciya a miƙe, ko ƙafafunta suka ƙi saɓewa bayan suna, ba gajiyar haihuwa ke damunta ba, ba kuma sanyi ne ya shige ta ba da za a ƙara wa ruwan wanka wuta. Ekografin zuciya na minti 15 ya isa ya bayyana abin da ke faruwa, kuma ga mafi yawan matan karkara tafiyar da ke tsakaninsu da wannan na'ura ita ce ta zuwa babban birnin jaha, a kan amalanke da farko, sannan a motar kasuwa.